Buhun Littattafai Masu Warin Daddawa

Ku 'ya'yana, da jikokina da suka kai karatu, akwai wata magana da kuka taso kuna ji a bakina, har wasunku suna maimaita ta a gaban baƙi: wai wani ɗan jami'a ne ya zo ya rufe mana ɗakin karatu na Gaya saboda yana da dangi a Ajingi. To, yau na janye ta. Malam Isiyaku ba shi da kowa a Ajingi, ko akuya ba shi da ita a can. Wanda ya rufe ɗakin karatun nan ubanku ne, da hannunsa ya yi, da buhun gyaɗa guda ɗaya.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka ba ni aikin kula da ɗakin. Karatuna bai yi nisa ba. Hausa da ajami ina karanta su a guje, Turanci kuwa sai na bi shi a hankali ina tsayawa ina hutawa. Ɗaki ne guda, da benci biyu, da tebur, da rajistar masu shigowa, da kabad mai gilashi wanda na fi so fiye da wasu 'yan uwana. A jikin ƙofa an manna doka: ba a fita da littafi, ba a surutu, ba a ci. A shekarata ta biyu wani mai duba aiki ya zo daga Kano. Ya zaro wata ƙasida a kan noman gyaɗa, ya ga shatin yatsa na mai a bangonta, ya ɗaga ta sama da 'yan yatsu biyu kamar ya kama mataccen ɓera.

"Malam Habu, wannan littafin hukuma ne, ko takardar naɗe ƙosai?"

Daga nan ya juya ga manyan littattafan Turanci da ke kantar sama, waɗanda tun zuwansu ba wanda ya taɓa su sai tsummana. Ya shafa su, ya ce haka ake so. Ya rubuta wani abu ya tafi. Tun daga ranar na riƙe a zuciyata cewa littafi mai tsabta shi ne shaidar ma'aikaci nagari, kuma duk mutumin da ya zo daga Kano da biro a aljihun gaba datti yake nema.

Amma aikin gaskiya ba a cikin ɗakin ake yin sa ba. Kullum bayan la'asar nakan fito da benci gindin darbejiyar da ke ƙofa, in karanta jarida da ƙarfi. Manoma su zo, masu sana'a su zo, a cika wurin. In na gama jarida sai a ce a karanta ƙasidar takin zamani, ko ta ciwon ƙyanda, ko littafin labarai, a yi ta gardama har kiran magariba. Waɗanda suka ɗan iya su karɓa su bi da yatsa, yatsan da ya fito daga gona ko daga kwanon abinci. Ba wanda na taɓa rubutawa a rajista, domin a ganina rajista ta wanda ya shiga ciki ce ya zauna shiru ya sa hannu, kuma irin wannan mutum yakan yi wata bai leƙo ba.

Sai kuma sirrin gida. Innarku Asabe ta iya karatu tun a ajin yaƙi da jahilci, kuma ta fi ni sauri, ko da yake ban taɓa faɗa ba sai yanzu. Ita ta matsa min na fara kawo mata littafi ɗaya a cikin aljihun riga. Maƙwabciya ta gani ta ara. Kafin in farga, rabin littattafan Hausa na hukuma suna yawo a gidajen Gaya, kuma mai kai su ita ce Iya Kande, tsohuwa mai tallar daddawa, wadda ba gidan da ba ta shiga. A ƙarƙashin faifan ƙwaryarta take saka su. Matar da ta iya karatu ta karanta wa waɗanda ba su iya ba, suna sussuka ko suna kitso. Littattafan su dawo da mai, da toka, wani da shatin haƙorin jariri, kuma dukkansu da warin da ko an rufe maka ido ka san hannun wa suka bi. Innarku ta zauna da allura da zare ta ɗinke waɗanda suka ɓalle. Ba ta rubuta komai, amma ka tambaye ta ina littafi kaza, za ta gaya maka gidan da ɗakin.

A shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, takarda ta zo min. An ce hukuma ta sayi sababbin littattafai masu yawa, amma ba za ta iya riƙe ƙananan ɗakunan karatu biyu a yankinmu ba. Za a haɗa su wuri guda, ko Gaya ko Ajingi. An ce ba za a yanke hukunci da ka ba: wani Malam Isiyaku, mai nazarin aikin laburare a jami'a, zai zo ya ga su wa suke karatu, me suke karantawa, me suke so a ƙaro, kuma abin da ya gani da idonsa shi za a bi. Da na karanta sai na yi dariya. Mai kula da na Ajingi, Malam Garba, na san shi. Akwati ɗaya gare shi na yagaggun littattafai, a kansa yake cin rake. Na ce ai an gama.

Da na gaya wa Innarku, ta ajiye muciya ta dube ni.

"To Malam, in ya zo ka kai shi gindin darbejiya. Ka kuma bari ya ga Iya Kande."

"Ke Asabe, kin san aikin gwamnati kuwa?"

"Na san mai ɗinke littattafan gwamnati."

"Mutumin nan in ya ji an fita da littafi, kora ta za a yi."

"Takardar ta ce masu karatu yake nema. Ko karanta min ita ka yi ba daidai ba?"

Na ce da ita mata ba su san dabarar ma'aikata ba, abin da suke rubutawa daban, abin da suke nema daban. Ta ce to, ta ɗauki muciyarta.

Kwana uku na yi ina shiri. Na sa aka tattaro duk littattafan da ke gidaje. Na zauna na tace kabad: duk wanda ya yi baƙi, duk mai ɗinki, duk mai wari, na jefa shi cikin buhun gyaɗa. Da na gama buhun ya cika har wuya, kabad kuwa ba abin da ya rage sai masu ƙyalli. A takardar kaya na rubuta cewa gara ta cinye sauran. Na ɗora buhun a keke na kai gida, na ce Innarku ta tura shi ƙarƙashin gado.

"Ba zan ɓoye abin da ba na jin kunyarsa ba," in ji ta. "Zaure naka ne, ka ajiye a can."

Haka na jingine shi a kusurwar zaure na ɗaure bakinsa. Sannan na shaida wa mutanen darbejiya cewa muryata ta dishe, ba karatu sai wani mako. Da ƙarfi na faɗa musu, don na baya su ji.

Saura masu karatu. Ɗaki mai tsabta ba mutane ai ba zai yi ba. Na ɗauki mutum uku: Tanko tela, da Ɗanlami mahauci, da yayana Musa. Duk ukun ba sa fashi a gindin darbejiya. Tanko ya haddace ƙasidar takin zamani har yana gyara min in na tsallake layi. Amma ban ɗauke su don wannan ba, na ɗauke su ne don suna da manyan riguna. Na ce su sa kayan Juma'a ranar Talata. Ɗanlami na sa shi ya wanke hannu da sabulu sau uku, da na duba na ga har yanzu yana ƙyalli, sai na ce kada ya taɓa komai, ni zan buɗe masa littafi a tebur, shi ya sa hannayensa a baya. Na kuma koya musu amsa guda, don kada bakin wani ya zame: duk abin da aka tambaya, a ce komai daidai, ranka ya daɗe.

Malam Isiyaku ya iso da hantsi a kan babur. Siriri ne, mai tabarau, ba zai wuce ƙanena ba, da jaka cike da takardun tambayoyi. Ya durƙusa ya gaishe ni, abin da ya ƙara min tsoro, don na ce wannan ya ƙware. Kafin ya zauna ya ce:

"Malam Habu, ka saki jikinka. Ni ba mai duba aiki ba ne. Ba ruwana da shara ko ƙura. So nake kawai in ga yadda mutane suke amfani da wurin nan."

Na ce madalla, a zuciyata kuwa na ce haka kuke cewa.

Ya buɗe kabad ya fara zaro littattafai ɗaya-ɗaya. Ba sunayensu yake dubawa ba. Gefen shafuka yake kallo, ya lanƙwasa bango ya saurari ƙararsa, wani ma ya kai shi hanci. Ina tsaye ina jin daɗi, don na san ba zai sami ko ɗigo ba. Shi kuwa fuskarsa sai ƙara faɗuwa take yi. Ya duba rajista, ya juya shafi biyu, ta ƙare. Sannan ya koma ga masu karatuna, waɗanda tun safe suke zaune kamar masu jiran alƙali. Ya fara da Tanko.

"Malam, sau nawa kake zuwa nan a mako?"

"Komai daidai, ranka ya daɗe."

"A'a, nufina kwana nawa."

Tanko ya dube ni. Na dubi rufin ɗaki.

"Daidai, ranka ya daɗe. Duka daidai."

Ya matsa wurin Ɗanlami, ya tambaye shi wane irin littafi yake so a ƙaro. Na ga bakin Ɗanlami ya buɗe da gaske, domin ya fi shekara yana roƙona a samo littafi a kan ciwon shanu. Ya ce, "Wallahi Malam, da za a samo mana na..." sai na yi tari. Ya haɗiye, ya ce komai daidai. Malam Isiyaku ya tambaye shi me ya sami hannunsa ya ɓoye su a baya, ya ce ba komai, haka yake karatu.

Yaya Musa ne ya ƙarasa ni. Na ba shi wani ƙaton littafin Turanci mai bangon ja, ya fi awa ɗaya yana kallonsa yana gyaɗa kai. Malam Isiyaku ya nemi izini ya karɓa, ya yi ƙoƙarin juya shafi, ya ƙi. Ashe shafukan a haɗe suke ta sama tun daga inda aka buga shi, ba a taɓa yanka su ba. Shekara goma yana kabad ɗina ban sani ba. Sai Ɗanlami ya manta da dokata, ya zaro wuƙarsa ta fawa daga ƙugu ya miƙa.

"Ga ta, ranka ya daɗe, tana da kaifi."

Malam Isiyaku bai yi dariya ba. Ya yi godiya, ya rubuta wani abu gajere. Da la'asar ta yi ya fito ya tsaya a ƙofa, ya dubi gindin darbejiya, inda ƙasa ta daddale ta yi sumul saboda zaman mutane. Ya tambaye ni me ake yi a nan. Na ce awaki ne suke kwanciya.

Washegari na kai shi gida cin abincin rana, domin ko maƙiyi ne baƙo baƙo ne. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Kafin in nuna masa inda zai zauna, ya ja tabarmar zuwa kusurwa, ya zauna ya jingina bayansa da buhun nan. Ya gyara zama, ya ce gyaɗar bana tana da tauri. Na ce irin ta Gaya ce. Innarku ta aiko da dambu, muka fara ci, shi yana ci, ni ina kai hannu baki ba na jin komai. Can ya ajiye cokali ya cire tabarau.

"Malam Habu, zan gaya maka gaskiya. Ina son garin nan ya sami littattafan. Amma ba zan rubuta abin da ban gani ba. Da zan sami ko littafi ɗaya da ya tsufa a hannun mutane, mai datti, mai yagewa, da na sami abin riƙewa. Ba ko ɗaya?"

Yana wannan magana bayansa yana kan irin littattafan da yake nema, fiye da yadda zai iya ɗauka a babur. Na dube shi na ce a raina, kai, yaron nan ya iya tarko.

"Ko ɗaya babu, Malam. Mu nan muna kula da kayan hukuma."

"Mata fa? Akwai masu karatu a cikin gidaje? Littafi yana isa gare su ta wata hanya?"

Daga bayan katanga aka buga taɓarya a turmi, bugu ɗaya, mai ƙarfi, turmin da na san babu komai a cikinsa.

"Ina! Doka ta hana. Matanmu kuma ba su damu da wannan ba."

Aka sake buga turmin, har ƙasa ta zubo daga katanga. Malam Isiyaku ya ce uwargida tana aiki da yawa, na ce haka take. Daidai nan Iya Kande ta yi sallama da ƙwaryarta a ka, ga kusurwar wani littafi da na manta ban karɓo ba ta leƙo daga ƙarƙashin faifai.

"Habu, matar liman ta ce a kawo na biyun, ta gama wannan tun..."

"Iya, mun sayi daddawa jiya."

"Wa ya yi maka maganar daddawa? Na ce matar liman..."

"Iya, baƙo gare mu! Shiga ciki, shiga ciki."

Na tura tsohuwa cikin gida tana ce min mara kunya. Da na dawo, Malam Isiyaku ya shaƙi iska ya ce daddawar garinmu tana da ƙarfi, tun da ya zauna yake jin ta kamar a bayansa take. Na ce iska ce. Ya wanke hannu, ya yi godiya, ya hau babur ya nufi Ajingi.

Abin da ya faru a can daga baya na ji. Malam Garba ko shara bai yi ba. Ya juye masa akwatin nan a ƙasa, ya ce ga su nan, mutane sun cinye su. Ya bar shi ya zauna ranar kasuwa yana tambayar duk wanda ya zo, kowa yana faɗin abin da ke bakinsa, har da masu ƙorafi. Bayan wata biyu mota ta zo Gaya, aka ɗora kabad ɗina mai gilashi da benci biyu. Ni aka mai da ni ofishin kasuwa. Ranar da aka sa wa ɗakin kwaɗo, mutanen darbejiya suka taru suna tambayata me ya faru, a nan ne na fara yi wa Malam Isiyaku dangi a Ajingi.

An aiko min da kwafin rahotonsa. Ban ga ƙarya ko ɗaya a ciki ba sai wadda na ba shi. Innarku ta ce in karanta mata inda ya yi maganar mata. Na ce Turanci ne mai wuya. Ta ce ta ga ina da lokaci yanzu. Na fassara mata: ya ce bai sami wata shaida ba cewa littattafan suna isa ga matan Gaya, kuma mai kula da ɗakin ya tabbatar masa ba su da sha'awa. Sai ta ce:

"Kabad ɗin bai dame ni ba, Malam. Amma yanzu an rubuta an ajiye a Kano cewa babu mu. Ka rubuta masa ka gaya masa."

Na ce zan rubuta. Sannan na tuna da buhun, na ce sai mu san yadda za mu yi da shi, tunda a takarda gara ta cinye.

"To ni ce garar," in ji ta. Ta kama bakinsa ta ja shi zuwa ɗakinta da kanta.

Daga wannan buhun ta ci gaba da ba da aro, ita da Iya Kande, har littattafan suka koma zare ya fi takarda yawa. Da mata suka gaji da maimaita su, sai ta yanke min hukunci: duk ranar kasuwar Ajingi in hau keke in je in aro sababbi. Malam Garba yana ba da aro a fili, an ma canza dokar bayan rahoton. Shekara shida ina wannan tafiya. In isa ina haki, in tarar da kabad ɗina gilashi ɗaya ya fashe, da ɓawon rake a kansa, in sunkuya in sa hannu a rajistarsa. Yakan ce da mutane, "Ku ba Malam Habu wuri, duk Ajingi ba mu da mai karatu kamarsa." Na ji an ce yawan arona yana cikin abin da ya sa aka ƙara musu littattafai.

Wasiƙar kuwa ban rubuta ba. Duk shekara sai ta tuna min, in ce ban san inda yake ba, alhali ban nema ba. Kunya ce kawai. Har ta rasu ban rubuta ba, kuma yau ban san ko Malam Isiyaku yana raye ba. In yana raye ya yafe min dangin da na yi masa. In wani cikinku ya taɓa cin karo da rahoton nan a wani kabad, to ya san shafin da ya yi maganar mata ba laifin mai rubutu ba ne, ya saka wannan takarda a wurin.

Malam Isiyaku, ga amsar tambayarka. Matan Gaya suna karatu. Akwai Asabe matata, da matar liman, da Ladi mai kitso, da Hajara matar Tanko tela, da Uwani ta gidan maƙera wadda ke karanta wa gida uku, da wasu da yawa da Asabe ce kaɗai ta san sunayensu. Littafi yana isa gare su ta hannun Iya Kande, a ƙarƙashin faifai. Shaidar kuwa ka jingina da ita, har ka ce tana da tauri.